Malam Datti, Mai Waldar Da Ya Raba Albashi Da Sadaka

Idan aka idar da sallar asuba a unguwarsu da ke Birnin Kudu, Malam Datti ba ya tsayawa hirar ƙofar masallaci. Gida yake komawa ya sha kokon da matarsa Kubra ta dama, ya shafa man zafi a gwiwoyinsa yana yamutsa fuska, sannan ya turo tsohon babur ɗinsa waje, wanda sai an lallaɓa shi kafin ya yarda ya tashi. Kafin rana ta ɗaga ya buɗe rumfar walda ta cibiyar koyon sana'a inda yake koyarwa, ya ɗauki tsintsiya ya share ko'ina ƙal. Sharar nan ba ya bar wa kowa ita. Da yawa daga cikin ɗalibansa da hannu suke tafiya, kuma ya san abin da ɗan guntun ƙarfe ke yi wa tafin hannu.

Duk wanda ya taɓa leƙa rumfar ya san ba ta yi kama da ta kowa ba. Teburin aiki bai wuce gwiwa ba. Guduma da sifana da zarto duk a rataye suke ƙasa-ƙasa, inda mai zaune zai miƙa hannu ya ɗauko. Tun shekarar da aka turo shi wurin ya sa zarto ya datse ƙafafun teburan, har aka kira shi aka yi masa faɗa a kan ɓarnar kaya, ya ba da haƙuri, ya dawo ya datse ragowar. Shi dai Allah ya ba shi ƙafafu lafiyayyu, amma shekara talatin da 'yan kai a tsugune ya yi su tare da ɗalibansa, shi ya sa gwiwoyin nan suke ramawa yanzu. Manyan baƙi masu babbar riga idan suka zo ziyara dole su ma su durƙusa kafin su ga aiki, don haka abokansa ke tsokanarsa da Sarkin Tsuguno. Kafin a kunna wutar walda kuwa sai ya daki ƙasa da guduma, kuramen da ke cikin ɗaliban su ji motsin a jikinsu, su kau da ido.

A ƙarshen watan nan Malam Datti zai yi ritaya. Ba za a sa wa titi sunansa ba, ba kuma za a ji shi a rediyo ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu, tun yana da rai yana ji.

Ba zama yake yi a kawo masa ɗalibai ba, bin su yake yi. Ya taka baburin nan ya shiga ƙauyukan Gwaram, ya leƙa Basirka, ya zaga Kiyako, yana tambayar masu unguwa ko akwai gidan da aka ajiye wani a ɗaki saboda shan inna ko rashin ji. Iyaye sukan tarbe shi da tambaya guda: "To Malam, me zai iya?" Shi kuma amsarsa ba ta canzawa: "Ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Ku ba ni shi mu gani." Haka ya tara su. Yau akwai mai yin ƙofofi da tagogi, akwai mai gyaran injin ban ruwa, akwai kurmar da take ƙera murhun gawayin da mata ke rububi.

Amma koyar da walda ba shi ne babban aikinsa ba, wannan wasu ma sun iya. Babban yaƙinsa da tausayi yake yi, irin tausayin da mu mutanen nan muka ƙware a kansa. Mu in muka ga mai lalura ya kasa kaya a kasuwa, ba ma tayawa, ba ma dubawa, sai mu miƙa kuɗi mu ce Allah ya ba da lafiya, mu wuce muna jin mun yi abin kirki. Malam Datti ya tsani wannan kamar me. 'Yan kasuwar Birnin Kudu har yau suna ba da labarin wata Hajiya da ta biya kuɗin murhu ta ce a bar shi a sayar wa wani. Malam Datti ya ɗaure murhun a bayan babur ya bi ta har ƙofar gida.

"Hajiya, kin manta kayanki."

"Haba Malam, ai sadaka na yi."

"Allah ya karɓa. Amma yarinyar nan murhu ta ƙera, ba hannu ta miƙa ba. Ki ɗora tukunya a kansa. In ƙafarsa ta karye ki dawo mana da shi, ki yi faɗa son ranki."

Aka yi dace kuwa ƙafar ta karye, Hajiya ta dawo da shi tana sababi. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin mutumin da aka dawo masa da kaya yana murna haka ba. Ya miƙa wa mai murhun, ta sake waldar da kanta tana cije leɓe, daga ranar kuma ƙafar murhunta ba ta ƙara karyewa ba.

Kai ne, Malam Datti, ka gane cewa wanda ba a taɓa ce wa aikinsa bai yi ba, ba a taɓa ɗaukarsa mai aiki ba. Mu muna ganin kyautatawa muke yi, kai kana ganin yadda ido ke faɗawa bayan mun wuce.

Wannan hali nasa ne ya kusa jawo masa abin da zai daɗe yana ciwo, a kan wani tsohon ɗalibinsa mai suna Iliyasu.

Iliyasu mutumin Basirka ne, shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, amma Allah ya zuba masa ƙarfi a damtse da kunne mai jin inji. Ya ji ƙarar inji daga nesa ya gaya maka abin da ke damunsa. Da Malam Datti ya yaye shi, wani mai kamfanin casar shinkafa a bayan gari, Alhaji Ɗanbala, ya ɗauke shi. Kada a zalunci Alhaji, mutumin kirki ne mai buɗaɗɗen hannu. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zauna a ƙofar kamfanin ya raba wa tsofaffi da makafi da matan da mazajensu suka rasu tsaba da ɗan abin cefane. A nan yake biyan Iliyasu. Shi yake fara kira ma, don ƙauna.

"Ina ɗan nawa? Matso." Ya dunƙula abin da ya sawwaƙa ya tura masa a aljihu. "Ka sa ni a addu'a."

Iliyasu ya gara kekensa na guragu ya karɓa, hannu duk baƙin mai, bayan ya yi mako cur yana walda da ɗaure bel ɗin inji. Wani makon abin ya yi kauri, wani makon ya yi shafal. Sauran ma'aikata kuwa ƙarshen wata wayoyinsu ke ƙara, saƙon banki ya shigo. Da aka ƙara mafi ƙarancin albashi, Alhaji ya ƙara wa kowa ba tare da an roƙe shi ba, domin ma'aikatansa suna da yawan da doka ta hau kansu. Wayar Iliyasu ce kaɗai ta yi shiru. Bai yi ƙorafi ba, kunya ba ta bari ka tuhumi mutumin da ke kiranka ɗansa.

Ana nan sai aka kira shi Kiyako gyaran injin ruwan wata Islamiyya. Mai makarantar, Malam Muhyiddeen, yana da 'ya mai suna Nasiha da ke koyar da ajin mata. Ita ta kawo masa ruwan sha, ta tsaya tana yi masa tsiya wai injin ya fi ƙarfinsa. Injin dai ya tashi a ranar, amma Iliyasu ya riƙa samun dalilin komawa duba shi, har maganar ta kai kunnen manya. Malam Muhyiddeen bai tsaya a kan ƙafa ba.

"Ƙafa ta Allah ce," in ji shi. "Abin da zan bincika, da me zai riƙe ta."

Mutum ne da ba ya aike a kan abin da ya shafi 'yarsa. Ya shigo Birnin Kudu sallar Juma'a, da aka sauko ya ce bari ya biya ta kamfanin ya gani da idonsa. Abin da ya gani kuwa shi ne saurayin 'yarsa a gaban layin masu karɓar sadaka, ana tura masa kuɗi a aljihu ana neman addu'arsa. Nan take ya juya ya koma gida. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: a yi haƙuri, ba zai ba da 'yarsa ga wanda cinsa ya dogara da kyautar wani ba, domin mai kyauta yana iya fasawa ko ya mutu.

Iliyasu ya zo rumfa ya zauna a gindin teburin da ya koyi aiki a kai. Da ƙyar Malam Datti ya tatsi labarin. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Washegari ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya nufi wurin Alhaji. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Alhaji, na zo ne a kan Iliyasu. Ko dai a sa shi cikin ma'aikata a biya shi yadda ake biyan kowa, ko kuwa a ba ni abina."

Alhaji ya zaro ido. "Me na yi masa? Yaron da na riƙe kamar ɗan cikina?"

"Ai shi ne. 'Ya'yanka da ke aiki a nan, a layin Juma'a kake biyansu? Ni dai da aka karanto dokar albashin nan a rediyo, ma'aikaci na ji an ce, ban ji an ƙirga ƙafafu ba."

Ambaton doka ne ya ɓata komai. Alhaji ya ji kamar an kira shi azzalumi a cikin kamfaninsa.

"Daga taimako sai a kawo mini doka? To ɗauki abinka, Malam. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Haka Iliyasu ya rasa aiki bayan ya rasa aure. A hanya ya ja birkin kekensa ya dubi malaminsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Baba, jiya ina da wurin zuwa da safe. Yau fa?"

Tsoro ya kama Malam Datti, tsoro na gaske, cewa ya rushe wa bawan Allah ɗan abin da yake da shi saboda wata aƙida tasa. A gida ma bai sami sauƙi ba. Kubra ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, kai komai sai ka sa masa wuta da guduma. Mutum ba ƙarfe ba ne. Ka je wa mai son lada da maganar doka, me kake zato?" Ya tsakuri tuwon ya ture. Amma maganarta ta zauna masa, domin ta faɗi gaskiya: Alhaji ba kuɗinsa yake ji ba, ladansa yake ji.

Abu na farko da ya yi, ya mayar da Iliyasu rumfa ya tara masa injinan manoman rani, don kada zaman banza ya cinye shi. Na biyu, ya hau babur ya nufi Kiyako. Ya tarar da Malam Muhyiddeen a zaure, bai kuma ambaci aure ba.

"Allah gafarta Malam, tambaya na kawo. Mutum ne ya sa wani aiki mako guda, da aka gama sai ya ɗebo daga abin da ya ware na sadaka ya ba shi. Yana da ladan sadaka?"

"Ina fa. Guminsa ya saya. In ma bai kai haƙƙin aikin ba, akwai sauran nauyi a kansa."

"To shi wanda aka ba fa, mai cin sadaka ne?"

Malam Muhyiddeen ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya.

"Yaron nan na Basirka kake nufi."

"Shi. Ka ga aljihunsa a ranar, Malam, amma ba ka ga hannunsa ba."

Tare suka koma wurin Alhaji Ɗanbala, malamin makaranta a bayan baburin mai walda, yana riƙe da hularsa. Malam Datti wannan karon ya kama bakinsa, ya bar mai ilimi ya yi bayani a hankali, ba daɗi ba ragi. Alhaji ya cire hula ya share gumi.

"Innalillahi. Ni duk tsawon nan ina zaton alheri nake tarawa. Wallahi ban yi don in ci guminsa ba."

"Mun sani, Alhaji," in ji Malam Datti. "Da don ci ne da ban dawo ba. Ni ma na yi zafi rannan, a yafe ni. Sadakarka ka ci gaba da ita, masu buƙatarta suna nan. Shi dai wannan ma'aikaci ne."

Alhaji da kansa ya je rumfa, ya tsuguna kamar kowa, ya nemi Iliyasu ya yafe masa. Aka mayar da shi aiki a kan albashi, aka haɗa shi da shugaban leburori kamar sauran. Malam Muhyiddeen kuwa bai yi saurin cewa komai ba, ya ce zai gani tukuna. Bayan wasu watanni ya sake faɗowa kamfanin ba sanarwa. Tun daga ƙofa ya jiyo hayaniya. Shugaban leburori ne ke zazzaga wa Iliyasu masifa a kan wayar walda da ya bari a kan hanya har wani ya yi tuntuɓe.

"Kullum sai na gaya maka! In ka sake sai an yanke maka na yini guda!"

"To ku ma ku daina jibga buhu inda nake naɗe ta mana!" in ji Iliyasu, bai ko sassauta murya ba.

Malam Muhyiddeen ya tsaya ya gama sauraro tsaf. Da ya fito ya biya ta rumfar Malam Datti, bai ko zauna ba.

"Na je na tarar ana yi masa faɗa, yana ramawa. Ku turo magabatansa."

Ranar ɗaurin auren a Kiyako, baffan Iliyasu da ya zo daga Basirka ya matsa gefe ya ce da Malam Datti, "Mu muka haifa, amma kai ka san abin da zai iya. Kai za ka karɓa masa." Aka zauna a ƙofar gidan Malam Muhyiddeen, jama'a ta cika har kan hanya. Waliyyin amarya ya ce sun ba Iliyasu auren Nasiha bisa sharaɗin ci da sha da sutura da wurin zama. Magana ce da ake yi a kowane ɗaurin aure, ba mai tsayawa ya saurare ta. A ranar an saurare ta. Wasu idanu suka saci kallon keken da ke jingine a bango.

Malam Datti ya ɗaga murya yadda na bayan taro ma zai ji.

"Mun karɓa. Zai ciyar, zai shayar, zai tufatar, da yardar Allah da aikin hannunsa."

Da ya kai ƙarshe sai ga hawaye a idonsa. Ya ce wai hayaƙin walda ne ya daɗe da ɓata masa ido, ba wanda ya yarda.

Malam Datti, kai ne ka sauko ƙasa ka zauna inda suke, har gwiwoyinka suka tafi a kan haka. Kai ne ka ƙi yarda a saye ɗalibanka da tausayi, ko da ranar da ƙin yardar ya kusa cin aikin ɗayansu, kuma ba ka gudu ka bar shi ba, ka bi abin har ka gyara. Ba ka tara dukiya ba, babur ɗinka shaida ne. Amma daga Birnin Kudu zuwa Gwaram akwai gidajen da ake ɗora tukunya yau da gumin mutanen da aka taɓa cewa ba za su iya komai ba. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka huta, ko da yake Kubra ta ce ba ta ga alamar za ka iya zaman gida ba.

Sauranmu kuma ba sai mun iya walda ba. Mai shago, mai gidan burodi, mai makaranta, mai injin niƙa, kowa yana da ƙofar da zai iya buɗewa. Dokar albashi ba ta shiga kowane lungu ba, ƙananan wurare da yawa ba ta hau kansu ba, amma haƙƙin gumi ya shiga ko'ina. In mai lalura ya yi maka aiki, ka duba aikin da kyau. In bai yi ba ka faɗa masa. In ya yi, ka biya shi abin da kake biyan kowa, a ranar da kake biyan kowa. Wataƙila akwai wani uba a tsaye a bakin ƙofa yana kallo, auren 'yarsa na jiran abin da zai gani.